Godiya bayan bikin Gaggafa

Alhamdulillahi, an yi taro an watse lafiya. Sai yau Litinin na samu na zauna, ƙafafuna har yanzu a kumbure suke.

Kun dai ga faman da aka sha kafin autana ya kai muƙamin Eagle, wato Gaggafa, ƙololuwar 'yan sikawut a nan Amurka. Bajo 21 ake nema, 14 daga ciki dole ne, kuma sai an gama komai kafin yaro ya cika shekara 18. Saura kwana tara aka sa hannu a takarda ta ƙarshe. Lissafin kuɗi na mako 13 da ake nema kafin a ba da ɗaya daga bajojin dole, wanda ya yi wa riƙon sakainar kashi, ya kusa ja mana, na yi kuka a kan sallaya ba sau ɗaya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren zangonsu a daji cikin azumin 2024. Watan Maris ne, sanyi na ratsa ƙashi, shi kaɗai ne Musulmi a rundunarsu. Ban runtsa ba, ina ta tunanin sahur ɗinsa. Ashe shugabansu, dattijo Kirista, ya tashi tsakar dare ya hura wuta, ya soya masa ƙwai, ya haɗa shayi, ya zauna gefensa har alfijir ya keto. Ko sau ɗaya bai faɗa mini ba. Sai ran Asabar a wajen bikin, da yaron zai maƙala masa lambar jagora, ya ba da labarin muryarsa na rawa. Da ya zo maƙala mini ta uwa a mayafi, hawaye bai bar ni na ga fuskarsa ba. Dattijo, Allah ya saka maka, ya jiɓinci lamarin 'ya'yanka.

Yaya, na san ba ka so a ambace ka, amma sai na faɗa. Asabar huɗu ka rufe shagonka kana tsaye kan yaran nan, har suka gama gangaren keken guragu na ƙofar masallaci, aikin hidimar jama'a da ake nema kafin muƙamin. Allah ya sa a mizani. Malam Liman da ya amince da aikin, da matan unguwa da suka kwana suna suyar waina, Allah ya raya muku zuri'a, ya nuna muku irin wannan rana, ya rufa muku asiri duniya da lahira.

'Yan'uwa na Kano sun hana idonsu barci suna kallo ta waya. Na kusa kuwa, tafiyar awa biyu, kujerunsu mun ajiye har aka tashi. Allah ya sa lafiya ce ta hana.