Inda Aikin Zuriyar Sarakunan Sambarga Ya Kai

'Yan uwana masu koyon ƙirƙirar ƙasashe da masarautu domin rubutun labari, ina yi muku sallama. Wannan bayani ne a kan inda na kai a aikin jerin sarakunan Sambarga, masarautar da na ƙaga da kaina, wadda babu ita a taswira, babu ita kuma a tarihin kowa. Tun farko na yanke cewa gidan sarautarta zai yi shekara 236 a kan mulki, da sarakuna 17, kuma ana ƙidaya shekarunta ne daga lokacin da aka gama ginin ganuwar birnin. Zuwa yanzu sarakuna huɗu na farko sun zauna daram, na biyar ana nan ana ja-in-ja a kansa, sauran 12 kuwa sunaye ne kawai da na rubuta da fensir. Abin da ya fi cin lokacina a wannan zangon shi ne lissafin haihuwa da mutuwa, da kuma dokar gado, domin waɗannan biyun su ne suke haifar da rigimar fada da kansu, ba tare da marubuci ya tilasta ta ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Na haɗa takardun littafin lissafi masu gida-gida da gam har suka yi tsawon tabarma, na mai da kowane gida shekara ɗaya. Duk wanda aka haifa a gidan sarauta ina ja masa layi da fensir daga shekarar haihuwarsa zuwa ta mutuwarsa, sannan in bi shekarun da ya yi a kan gadon sarauta da jan biro. Ban da wannan, kowane mutum yana da katinsa na kwali, inda nake rubuta sunan uwarsa da asalinta, da sarautun da ya riƙe kafin ya hau, da garin da aka ba shi ya riƙe. Amfanin doguwar takardar shi ne, idan na ɗora rula a tsaye a kan shekarar da wani sarki ya rasu, nan take nake ganin duk 'ya'yan sarki da suke raye a ranar, da shekarun kowannensu: wane ne tsoho, wane ne matashi mai jini a jika, wane ne kuma yake goye a baya.

Kafin in amince da adadin sarakuna 17, sai da na auna shi da ma'aunin tarihi na gaskiya, kuma gidan Dabo na Kano ne ya fi yi mini amfani. Ibrahim Dabo ya hau a 1819, ya rasu a 1846. Bayansa 'ya'yansa uku ne suka yi sarauta bi da bi: Usman, sai Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Daga nan sarauta ta sauko ga jikoki: Tukur ɗan Bello, sai Aliyu Babba, sai Abbas, sai Usman na biyu wanda ya rasu a 1926, su ukun nan na ƙarshe duk 'ya'yan Abdullahi ne. Ke nan a cikin shekara 107 an yi sarakuna takwas, amma zuriyar hawa uku ce kacal, wato uba da 'ya'ya da jikoki. Idan aka raba, kowane sarki ya tashi da shekara 13 da 'yan watanni, kowane hawa na zuriya kuwa ya haura shekara 35. Wanda ya jera sarakuna takwas a wannan tsawon lokaci, kowanne ɗan wanda ya gada, to ya tilasta wa kowane sarki haihuwar magajinsa yana ɗan shekara 13, abin da mai karatu mai lura ba zai karɓa ba. Haka kuma tsawon mulki ba ya zuwa daidai wa daida. A Kanon dai, Muhammadu Inuwa watanni kawai ya yi a 1963, Ado Bayero da ya gaje shi ya kai har 2014. Saboda haka na tsara sarakunan Sambarga 17 a hawa bakwai, sarauta tana bi ta kan ƙanne kafin ta sauko ga 'ya'ya, da dogayen mulki biyu ko uku, da gajeru da dama.

Ga yadda lissafin ya fito. Tunau mai Ganuwa, wanda ya kafa gidan, yana da shekara 35 aka gama ganuwa, ya rasu a shekara ta 28. Babban ɗansa Nomau, ɗan uwargida, ya gaje shi yana da shekara 36, ya yi mulki har shekara ta 47. Sai ƙaninsa Tanko, ɗan ƙwarƙwara, wanda aka haifa a shekara ta 14 lokacin da Tunau ya fara manyanta, ya hau yana da shekara 33. A nan ne rula ta nuna mini abin da ya zama ƙashin bayan labarin gaba ɗaya: Mayau, babban ɗan Nomau, an haife shi a shekara ta 16, wato tsakaninsa da baffansa Sarki Tanko shekara biyu ce kawai. Tare suka tashi a soro ɗaya, tare aka yi musu kaciya, tare suka koyi hawan doki. Tanko ya yi shekara 29 a kan karaga, Mayau yana jira, har furfura ta cika masa gemu. Ranar da Tanko ya rasu a shekara ta 76, Mayau yana da shekara 60, Dogo ɗan Tanko kuwa yana da 36, yana riƙe da sarautar Ciroma, dawakin fada rabi a hannunsa.

Wannan jiran ba zai yi ɗaci sosai ba sai da dokar da na kafa wa Sambarga, wadda ita ce zuciyar tsarin: ba a naɗa kowa sai wanda ubansa ya taɓa zama sarki. Jika ba ya gadon kakansa idan sarauta ta tsallake ubansa. Ma'anar haka ita ce, idan Mayau ya mutu bai hau ba, 'ya'yansa da jikokinsa sun fita daga layi har abada, sun koma dangin sarki masu zaman gefe. Na san ba haka abin yake ko'ina ba. A Zazzau, inda gidaje huɗu suke da haƙƙi, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sullubawa, sarauta ta koma gidan Mallawa a 2020 bayan kimanin shekara ɗari, aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli, wanda mahaifinsa Magajin Gari ne, bai yi sarki ba. Wannan tsarin yana ba gida damar yin haƙuri, tunda ƙofa ba ta rufuwa. Ni kuwa da gangan na zaɓi mai tsanani, domin ina son kowace mutuwar sarki ta zama ranar da wani gida zai tsira ko ya shafe, ta yadda ko mutumin kirki zai sami dalilin ɗaukar takobi saboda 'ya'yansa.

Dalilin rigimar na koyo shi ne daga Yaƙin Basasar Kano, ko da yake ban kwafo abubuwan da suka faru ba. A can, Sarki Bello ya tuɓe 'ya'yan wansa Abdullahi daga sarautu ya ɗaga nasa, da ya rasu a 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tabbatar da Tukur, sai Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan uwansa suka fice zuwa Takai. Yusufu ya rasu yaƙi bai ƙare ba, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Darasin da na ɗauka shi ne, yaƙin gado yana farawa ne tun sarki yana da rai, a wurin rabon sarautu da garuruwa. Don haka a katin Tanko na rubuta shekarar da ya karɓe sarautar Ciroma daga hannun Mayau ya ba Dogo, ya tura Mayau wani garin bakin iyaka mai sauro da ƙarancin gero. Ina kuma ba ku shawara da babbar murya: kada wani ya ɗauki gidan sarauta na gaskiya ya sauya masa sunaye kawai ya ce ya ƙirƙira. Zuriyar waɗannan mutane suna nan da ransu, suna da haƙƙin a girmama kakanninsu, kuma aikin da aka yi haka ba ya koya wa mai yinsa komai. A ɗauki dalili, a bar wa masu tarihi tarihinsu.

Masu zaɓen sarki su ne suka warware mini shekara ta 76. A Kano, bisa al'ada, su huɗu ne: Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma hikimar tsarin ita ce ba daga gidan da ke mulki suke ba, Madaki daga Yolawa yake, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa. Na bi wannan hikima, amma na mai da nawa biyar domin kada ƙuri'a ta tsaya kunnen doki: Madawaki mai rundunar dawaki, Sarkin Rafi mai rijiyoyi da fadamu, Sarkin Zango mai karɓar kuɗin fatake, Sarkin Ƙofa wanda bawan sarki ne, sai Magajiya, wadda ita kaɗai ce 'yar gidan sarauta a cikinsu. Da na tambayi kowannensu, a katinsa, abin da zai samu da abin da zai rasa, sai na ga uku daga cikinsu ba sa son matashi mai ƙarfi irin Dogo, wanda zai iya yin shekara talatin yana tuɓe su ɗaya bayan ɗaya. Suka zaɓi tsoho. Gidan Tanko ya haƙura saboda ya san Mayau ba zai daɗe ba, gidan Nomau ya yi murna saboda 'ya'yan Mayau sun shiga layi. Mayau ya yi shekara uku ya rasu a shekara ta 79, kuma a cikin ukun nan bai gina masallaci ba, bai ci gari ko ɗaya da yaƙi ba, amma shi ne sarkin da na fi jin tausayinsa a duk jerin, domin ya hau ne yana sane da dalilin da ya sa aka zaɓe shi.

Batun iyaye mata ya ɗauke ni lokaci fiye da yadda na zata, kuma ina ganin nan ne yawancinmu muke yin sakaci. Jerin sarakuna yakan ambaci uba ya wuce, alhali a gidan da sarki yake da mata huɗu da ƙwaraƙwarai, 'yan ubanci a ɗakunan uwaye yake tsiro. Shi ya sa na haɗa katin kowane ɗan sarki da na uwarsa da jan zare. Uwar Nomau 'yar gidan Madawaki ce, saboda haka kawunnansa suna da ƙuri'a a zaɓe, amma kuma sauran masu zaɓe suna tsoron kada gida ɗaya ya haɗa sarauta da runduna. Uwar Tanko ba ta da dangi a birni, sai dai bayin fada duk nata ne, su ne masu riƙe da ƙofofi da rumbuna, su ne kuma suke fara sanin sarki ya cika. Magajiya kuwa na yanke cewa kullum 'yar sarki ce, yayar sarki mai ci ko gwaggonsa, ba a tuɓe ta sai mutuwa. Wadda take kai a shekara ta 79 yayar Tanko ce ciki ɗaya, ta haura shekara 70, ta ga naɗin sarakuna uku. Ban ƙaga matsayin mata a fada daga iska ba: Daura tana da tarihin sarakuna mata har zuwa Daurama, Kano kuma tana da Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar sarki.

Kayan sarauta ban daɗe a kansu ba. Kano tana da tagwayen masu, Katsina tana da takobin nan Gajere, Sambarga kuwa na ba ta ƙaramin tambari na tagulla wanda ba a kaɗa shi sai ranar naɗi, yana ajiye a ɗakin Magajiya, kuma naɗin da aka yi ba a ji amonsa ba, talakawa ba sa ɗaukar sa naɗi.

Yanzu ga inda na tsaya. A shekara ta 79 masu neman sarauta uku ne. Akwai Dogo ɗan Tanko mai shekara 39, gidansu ya haɗa kai a bayansa. Akwai Shekarau ɗan Mayau mai shekara 38, wanda shekaru ukun mahaifinsa suka buɗe masa ƙofa. Akwai kuma Barmo, autan Nomau, ƙanin Mayau, mai shekara 35, wanda bisa al'adar bin ƙanne shi ya fi cancanta, amma ɗan wansa ya girme shi. Gidan Nomau ya rabu biyu ke nan. Madawaki da Sarkin Rafi suna tare da Barmo, Sarkin Ƙofa da Sarkin Zango suna tare da Dogo, ƙuri'ar Magajiya ce za ta raba gardama, tambarin ma yana ɗakinta. Jini yana jan ta wajen Dogo, ɗan ƙaninta, amma ta san idan ya hau yana da ƙuruciya, Barmo zai iya mutuwa bai yi sarauta ba, kuma Barmo ba mai jira ba ne irin Mayau. Ina karkata ga ta ɓoye tambarin ta ƙi fito da shi, birni ya kwana arba'in babu sarki, har ɓangare ɗaya ya gaji ya fice daga ganuwa.

Abin da ban yanke ba shi ne yadda makaɗan fada za su riƙa jera sunayen bayan rigimar. Ina so in rubuta jeri biyu, na gaskiya wanda ni kaɗai zan riƙe, da na maroƙa wanda gidan da ya yi nasara zai amince a faɗa ranar sallah, inda za a tsallake sunan wanda aka kayar, a haɗe shekarunsa cikin na wani. Idan haka ta kasance, jerin maroƙa zai ƙare da sarakuna 16 ne, ba 17 ba. Duk wanda ya taɓa gwada irin wannan a tasa masarautar, ina neman ya gaya mini ta wace hanya ya bar wa mai karatu alamar sarkin da aka shafe, ba tare da marubuci ya fito fili ya faɗa da bakinsa ba.