Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Tashi Gyara Fim Ɗin Bebaye

A makon jiya na tsaya ne a inda kawuna ya riƙo hannuna ya damƙa ni ga wani mai gyaran rediyo a Fagge, bayan jarrabawar gama sakandare ta yi mini tutsu. Wata bakwai na yi a shagon nan ba abin da nake taɓawa sai tsintsiya da kwanon abincin Maigida. Sai da bazarar 1996 ya fara barina in kwance bayan rediyo, in goge kan bidiyo da auduga da sifirit. Ni kuwa daga nan na ɗauki kaina injiniya.

Wata Talata Maigida ya tafi ta'aziyya Gwammaja ya bar mini shago. Can da hantsi sai ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, rungume da bidiyo a cikin zanen gado. Kaset ne ya maƙale, ya ƙi shiga ya ƙi fita. Aikin bai kai ya kawo ba, bel ne ya saki. Na canja shi, na jona waya da 'yar talabijin ɗinmu ta gwaji, na danna kaset ɗin mutumin don in tabbatar.

Gabana ya faɗi. Hoto ya fito baƙi da fari, kala ta ɗauke gaba ɗaya. Ga mutane a jere suna hawan wani dutse cikin dusar ƙanƙara, suna sauri kamar tururuwa an zuba musu ruwan zafi. Da aka nuno su kusa, bakinsu na motsi amma ba magana, sai kiɗan fiyano kawai yake tashi. Na ce shi ke nan, na ɓata injin mutane. Na zare kaset, na sake goge kai, na bi wayar sauti ɗaya bayan ɗaya, na canja sifika, har bel ɗin da na sa na cire na mayar da wani, wai ko shi ne ya sa injin gudu. Azahar ta wuce ni ina zufa.

Maigida ya shigo ya tarar da kayan cikin bidiyo a baje a kan tebur.

"Kai ɗan nan, me kake yi wa injin mutane?"

"Maigida, cuta uku na gano a jikinsa. Ba kala, ba murya, ga shi yana gudu."

Ya ce in haɗa in kunna ya gani. Yana ganin wani ɗan tsurut ɗin mutum mai guntun gashin baki, da wando burgujeje, da 'yar hula kamar an kifa ƙoƙo, yana tafe yana wara ƙafa yana juya sanda, sai ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi ƙasa.

"Ikon Allah! Cali ne! Kai, rufe injin nan, lafiyarsa ƙalau. Haka aka haife shi, bebe ne."

Ya jawo benci ya zauna, aiki ya tsaya. Ya ce rabonsa da mutumin nan tun yana yaro a ƙauyensu, lokacin da motar majigi take zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi bayan sallar isha'i. A nuna yadda ake shuka gyaɗa da auduga, a nuna tsaftar rijiya, mai bayani yana ta zuba ta lasifika, yara na gyangyaɗi. Da an sako Cali kuwa, in ji shi, har tsofaffin da ke cewa majigi aikin shaiɗan ne sai ka ga sun matso da buzunsu.

Sunan da ke rubuce a jikin kaset ɗin shi ne The Gold Rush, na Charlie Chaplin, wato Cali, fim ɗin 1925. Labarin masu neman zinare ne a can ƙarshen arewacin nahiyar Amurka, inda sanyi ke kashe mutum a tsaye. Akwai wuri ɗaya da na kalla ya fi sau ɗari a rayuwata. Iska ta rufe Cali da wani ƙato a cikin bukkar katako, ba ko ƙwayar abinci. Sai ga Cali a gaban tukunya yana dafa takalminsa ƙafa ɗaya. Ya sa cokali mai yatsu ya taɓa ya ji ko ya nuna. Ya goge faranti, ya tsamo takalmin, ya bi shi da romo. Ya raba biyu, ƙaton ya fizge fatar sama mai laushi ya bar masa tafin da ƙusoshi. Bai yi fushi ba. Ya naɗe igiyar takalmin a cokali kamar taliya, ya riƙa tsotse ƙusa ɗai-ɗai yana ajiyewa a gefe kamar mai cin ƙashin zabo a gidan surukai.

Dattijon da ya dawo da la'asar ya ga yadda na zuba wa talabijin ido, ya ce in riƙe kaset ɗin kwana uku. Na roƙi Maigida aron wani bidiyo da mai shi ya manta da shi, na ɗaure a bayan keke na kai gida.

A gidanmu kakata, Iya, ba ta zama inda ake kallo. Fim ɗin Indiya a wurinta rawa ce da rashin kunya, na Amurka kuwa harbe-harbe da yaren da ba ta ji. Daren nan ta fito alwala ta tsaya da buta a hannu, daga tsayuwa ta zauna a bakin tabarma. Yara suna ta birgima don dariya wurin cin takalmi, ita ma ta dara, amma can sai na ji ta ce a hankali, "Wannan yaron ya san yunwa."

Na ce, "Iya, wasa ne fa."

Ta ce, "Na ga wasa. Dubi yadda yake lallaɓa abin. Wanda bai taɓa kwana da ita ba haɗiyewa zai yi ya ɓata fuska. Mu a farin 1973 haka muke zama mu jera kwanuka a kan tafasar da ko gishiri babu, mu yi bismilla kamar tuwon sallah ne."

Shekaru bayan rasuwarta, lokacin da shagunan intanet suka buɗe a Kano, na zauna na karanta tarihin mutumin. An haife shi a Landan a 1889. Uban mashayi ne, ya bar gida. Uwar mawaƙiya ce da muryarta ta mutu, daga baya taɓin hankali ya same ta. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta. Takalmin da ya ci a fim da alewa aka yi shi, wannan gaskiya ne, amma sauran abin Iya ta riga ta karanta shi a hannunsa, ita da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Na daɗe a gaban kwamfutar nan har kuɗin lokacina ya ƙare.

A nan ne kuma na gano bakin zaren cutukan nan nawa. Gudun da mutane ke yi ba daga bel ba ne. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, sau da yawa hoto 16 zuwa 18 take ɗauka a daƙiƙa. Da sauti ya zo aka tsayar da 24, duk tsohon fim ɗin da aka ɗora a kan wannan ma'auni sai mutanensa su kama sassarfa. Shirun ma ba shiru ba ne na sosai. A gidajen sinima na lokacin akwai mai fiyano a gaban allo, manyan gidaje kuma ƙungiyar makaɗa guda. A Japan har mutum ake tsayarwa a gefe yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, tamkar dai mai lasifikar majigin Maigida.

Daga Cali na faɗa kan Buster Keaton, mutumin da fuskarsa ba ta motsi ko gari zai kife. A wani fim ɗinsa na 1928 yana tsaye gaban gida, bangon gaba ɗungurungum ya rikito masa, ya tsira ta kafar taga. Bangon gaske ne, ba dabarar kwamfuta, da ya goce da taku ɗaya sai dai a kwashe shi. Ni a wurina ya fi Cali gwaninta da jiki, amma bai taɓa sa ni hawaye ba.

Magana ta shigo fim ne a ƙarshen 1927 da The Jazz Singer, shi ma yawancinsa na bebaye ne, waƙoƙi ne da 'yan kalmomi kaɗan. Cikin shekara uku kasuwa ta juya. Zan faɗi ra'ayina ko da za a ce na cika son tsohon abu: yawancin fina-finan farkon zuwan sauti sun fi na bebaye gundura. An kulle kyamara a cikin akwati don kada ƙararta ta shiga, an ɓoye makirufo a tukunyar fure, 'yan wasa sun daskare a gefenta suna ta surutu. Chaplin ya ƙi. Ya fitar da City Lights a 1931 ba magana. A 1936 da ya bari aka ji muryar Cali, waƙa ya yi da wani yare da ya ƙirƙira wanda ba na kowa ba. Sai a 1940 ya yi fim mai magana sosai. Da Iya ta ga wannan na ƙarshen, da ta ɗauki butarta ta wuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawan waɗanda suka salwanta. Zaren fim na da yana kamawa da wuta kamar fetur, in an ajiye shi kuma ya narke ya zama gari. Babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya ƙididdige a 2013 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan bebaye na ƙasar sun ɓace ɗungum. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya a Plaza da Marhaba, kakansu duka, Alam Ara na 1931, na farko mai magana da waƙa a Indiya, babu kwafi ko ɗaya da ya rage. Sai hotuna.

Duk wannan ban san shi ba a 1996. Abin da na sani kawai kwana uku sun cika, gobe dattijo zai zo karɓar kayansa, ni kuma ba ni da kuɗin sabon kaset. Da dare na haɗa bidiyo biyu a shago, na shiga ɗakin Inna na laluba saman kabad cikin duhu, na ɗauko wani kaset da ba rubutu a jikinsa, na liƙe kafar da aka ɓalle masa da salatif, na danna jan maɓalli. Sai da Cali ya gama cin takalminsa tsaf a kai na tuna inda na taɓa ganin kaset ɗin. Na kamun yayata ne.

Yadda muka kwashe da ita da mijinta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.