Wasiƙa daga Ingila: Ƙananan Fitinun Gidan Haya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ƙurar hunturu?

Duk wanda ya samu bizar ƙasar nan, ta karatu ko ta aiki, nasiha uku ake yi masa kafin ya hau jirgi: ya yi tanadin kayan sanyi, ya yi hattara da tsadar haya, ya riƙe addininsa. Duka gaskiya ne. Sai dai ba wanda ke gaya masa labarin ƙananan fitinun cikin ɗaki, irin waɗanda in ya kira gida ya faɗa, dariya za a yi masa. Galibinsu kuwa tushensu ɗaya. Mun taso a gidan siminti mai tsakar gida da kwata, inda iska ke shiga ta fita yadda ta ga dama. Gidan nan kuwa rufaffe ne, benensa katako ne. Ɗabi'ar da ta yi daidai a Kano ko Damagaram ita ce ke jawo wa mutum asara a Landan.

Mu fara da famfo, tunda da alwala ake buɗe yini. A tsofaffin gidaje za ka tarar da kan famfo biyu a wurin wanke hannu, na hagu zafi, na dama sanyi, tsakaninsu kusan taƙi guda. Cikin Janairu na dama kamar daga firji aka ɗebo shi, na hagu kuma yakan kai digiri 60, wanda zai iya ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sai ka ga babban mutum yana lilo da hannu tsakanin famfo biyu kamar mai kiɗan kalangu. Asalin abin shi ne, a da ruwan sanyi daga bututun gari yake zuwa kai tsaye, shi ake sha, na zafi kuwa daga tankin da ke cikin rufin gida yake saukowa, inda ƙura da ƙwari kan iya faɗawa. Aka raba su don kada na tanki ya koma ya gurɓata na sha. Ana barin na zafi a digiri 60 ne kuma don kashe ƙwayar cutar huhu da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Saboda haka kada a rage shi daga tukunyar gas da ke ɗumama ruwan gidan. Buta ce maganin abin: a fara zuba na sanyi zuwa rabi, a cika da na zafi. Ruwan sha da na girki kuwa a ɗeba daga famfon sanyi na kicin kawai.

Butar ma da sharaɗinta. Banɗakin nan ba shi da kwata a ƙasa. Duk ruwan da ya zuba a daɓe ba inda zai bi sai tsakanin katakai, ya sauka kan silin ɗin wanda ke ƙasa da kai. Da farko tabo ne ruwan ƙasa-ƙasa, sannan silin ya kumbura, sannan a ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa, wanda dokar 2019 ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako 5 ga yawancin gidaje, daga cikinsa za a zaftare kuɗin gyara. A wanke ƙafa cikin bahon wanka, a ajiye tsohon tawul kusa da masai, a riƙa duba farin ƙaron da ya zagaye bakin baho. In ya tsage ko ya ɗago, ta nan ruwa ke zurarewa. Kuma kada ka wahalar da kanka neman soket a banɗaki, babu, sai ɗan na askin gemu. Igiyar da ke reto daga sama ita ce makunnin fitila.

Wanda ya sauka a Landan zai lura, cikin 'yan makonni, butar shayinsa ta yi farin ɓawo a gindi, shayin kuma yana da wani yauƙi a sama. Ba datti ba ne. Ruwan kudu maso gabashin Ingila ta cikin dutsen alli yake ratsowa, in aka tafasa shi allin ya zauna. Na Manchester da Birmingham ba su cika fama da wannan ba, nasu daga tafkunan tsaunuka ake jawo shi. A zuba ruwan kal da ruwa rabi da rabi, a tafasa, a bari awa guda, a ɗauraye sau biyu. Kan shawa ma in ya fara fesa ruwa gefe-gefe, a kwance shi a jiƙa cikin kal ya kwana.

Yanzu ga babbar, wadda ta fi kowace cinye kuɗi da lafiya: danshi.

Sanyin da muka sani can gida busasshe ne. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, kaushi ya fito, shanya ta bushe kafin azahar. Mun saba in iskar hunturu ta kaɗa a rufe taga, a cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa saboda ƙura. Baƙo na zuwa nan sai ya yi abin da ya sani: ya liƙe duk wata kafa da salatif, har da 'yar siririyar kafar iska da ke saman taga, ya kashe fankar banɗaki don ƙararta ta dame shi, ya shanya wanki a kan hita, ya ɗora wake ya yi awa biyu yana tafasa ba murfi. Wanki ɗaya na inji yakan saki kusan lita 2 na ruwa cikin ɗaki kafin ya bushe. Ina ruwan zai je? Iskar da ke digiri 20 tana iya riƙe kusan giram 17 na ruwa a kowane fili mai faɗi da tsawo da tsayi mita guda. In ta huce zuwa digiri 10, giram 9 kawai take iya riƙewa. Ragowar sai ta sauke shi a kan duk abin da ya fi sanyi: gilashin taga, kusurwar bangon da ke kallon waje, bayan kabad. Ruwan da kake gani yana tsiyaya a taga da safe, numfashinka ne da tururin tukunyarka.

Bayan mako biyu zuwa uku sai baƙaƙen ɗigo-ɗigo su bayyana a kusurwa. Fumfuna ke nan. Wata rana a jawo akwati daga bayan gado, a buɗe, a tarar shaddar da aka adana don sallah ta yi kore-kore, takalmin fata ya yi gashi fari, ga wani wari da turare ba ya kashewa.

Abin yi ba shi da wuya, naci yake so. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna na minti 10 kowace safiya, ko da ana zuba sanyi. Iskar waje mai sanyi in ta shigo ta ɗumama, ta fi ta ciki bushewa nesa ba kusa ba, bango kuma bai isa ya huce cikin minti 10 ba. A goge ruwan taga da tsumma a matse shi a magudana, kada a shanya shi nan cikin ɗakin. A rufe tukunya. Bayan wanka a ja ƙofar banɗaki, a bar fanka tana aiki kamar minti 20. A matsar da gado da kabad daga bangon waje da faɗin tafin hannu. Ɗakin da ake zama kada ya sauka ƙasa da digiri 18. In dole ne a shanya a ciki, a yi a ɗaki ɗaya, ƙofa rufe, taga a ɗan buɗe. Akwai ƙaramin ma'aunin laima mai araha; in ya nuna tsakanin 40 da 60 cikin 100 lafiya lau, in ya zauna sama da 70 akwai aiki. Mai hali ya sayi na'urar tsotse danshi, zai sha mamakin ruwan da zai riƙa zubarwa kullum. Wajen goge fumfuna, a sa safar hannu, a buɗe taga, kuma kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan kal, iskar da suke fitarwa guba ce.

Amma fa ba kowane danshi ne laifin ɗan haya ba, kada mai gida ya rufe ka da wannan maganar. Tabon da ke faɗaɗa bayan an yi ruwan sama daga rufi ne ko indararo. Wanda ya taso daga ƙasa ya yi layi a bango kamar alamar ambaliya, ginin ne da kansa. A Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa daga Sudan suka zo, ya rasu a Rochdale sakamakon shaƙar fumfunar gidansu. Iyayen sun sha kai ƙorafi, masu gidan suka ɗora laifin kan yanayin rayuwarsu, binciken da aka kammala a 2022 kuwa ya nuna gidan ne ba shi da isasshiyar hanyar iska. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025, tana tilasta wa masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyi gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Duk ƙorafi a yi shi a rubuce, da hoto da kwanan wata. Maganar baka a nan iska ce.

Hita ma tana da nata iyayi. Ƙarfen nan da ke manne a bango ruwan zafi ne ke zagayawa cikinsa daga tukunyar gas. In ƙasansa ya yi zafi samansa sanyi, iska ce ta taru. A kashe tukunya, a bari ya huce, a sa ɗan mabuɗinsa a ƙusar da ke gefen sama, a riƙe tsumma ƙarƙashi, a murɗa hagu kwata ko rabin zagaye. Za ka ji "tsss". Da ruwa ya fara ɗiga a ɗaure. Sai a duba agogon da ke jikin tukunya: allura ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in tana sanyi. In ta faɗi ƙasa sosai tukunyar ƙin tashi za ta yi, yawanci kuma ranar da aka fi buƙatarta. In kuwa saman ne da zafi ƙasan sanyi, laka ce ta taru a ciki, wannan aikin mai gyara ne. Murɗa ma'aunin ɗumi zuwa 30 ba ya sa ɗaki saurin ɗumama, kuɗin gas kawai yake ƙarawa.

Sai 'yar farar na'urar da ke manne a silin, mai jin hayaƙi. Tun 2015 doka ta wajabta wa masu ba da haya su sa ta a kowane hawa. Kukanta iri biyu ne. In ta yi "cit" sau ɗaya ta yi shiru, bayan kamar minti guda ta sake, batir ne ya yi rauni. Abin haushi, ƙarfe uku na dare ta fi farawa, domin lokacin gida ya fi sanyi, sanyi kuma yana rage ƙarfin batir. Sauya shi aikin minti biyu ne. In kuwa ta ɓarke da ihu ba ƙaƙƙautawa, to suyar albasa ce, ko ƙosai, ko uwargida ta zuba turaren wuta a kasko. A gidajen ɗalibai ihun ɗaki ɗaya kan fitar da mutanen bene gaba ɗaya waje cikin kayan barci, kowa yana hararar kowa. A danna maɓallin tsakiya, a buɗe taga, a rufe ƙofar kicin tun kafin mai ya yi zafi. Abin da wasu ke yi na cire batir ko rufe ta da safa, ganganci ne tsantsa. Gawayi kuwa a ɗakin da aka liƙe yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kisa cikin barci. Kaskon turare na lantarki ya wadatar.

Manja da kitsen nama kada su shiga magudanar wanke-wanke. Daga tukunya ruwa ne, da sun haɗu da bututu mai sanyi sun daskare, tun ba manja ba, wanda ko a kwalba barci yake yi a ƙasar nan. A bari ya huce, a juye a gwangwani, a goge tukunya da takarda kafin a wanke. A 2017 an tono wani dunƙulen kitse da tsummokin goge jarirai a magudanar unguwar Whitechapel, tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130.

Ƙofar gida da yawa kulle kanta take yi da an ja ta. Wanda ya fita zubar da shara da silifa ba mabuɗi a aljihu ya shiga uku, mai buɗe makulli kuma ba ya tausayi, musamman da dare. Sharar ma kowace ƙaramar hukuma da launin mazubinta da ranarta, wasu sai mako bibbiyu. In ka jefa ragowar tuwo cikin na kwali da kwalabe, liƙa masa takarda za su yi su wuce. Filogi dai an huta: irin na Najeriya ne mai ƙafa uku. 'Yan'uwa na Nijar su ne za su nemi mahaɗi.

Na ƙarshe ya shafe ku kai tsaye. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura agogo gaba da awa guda, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da shi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu da naku ɗaya ne. Sauran watannin muna bayanku da awa guda. Waya kan gyara kanta, agogon bango da na murhu sai an bi su da hannu. A Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su taru cikin awa huɗu, mutum yana wurin aiki. A Yuni kuma sai bayan tara na dare ake magariba, kafin a runtsa asuba ta yi. In kun kira naku da bakwai na safe cikin Disamba bai ɗaga ba, a yi masa uzuri, wurinsa shida ce, gari baƙi ƙirin.

A gaida mutanen gida.

Wassalam.