Digiri daban, lasisi daban: yadda na nemi gurbin karatun OT a ƙasar waje

Digirina na farko a fisiyoloji ne, kwas ɗin da da yawa daga cikinmu muka tsinci kanmu a ciki bayan likitanci ya ƙi samuwa. Hidimar ƙasa ta kai ni wani asibitin gwamnati, aka ajiye ni a sashen gashin ƙashi, wato fisiyoterafi, ina rubuta sunayen marasa lafiya. A ƙarshen barandar akwai wani ɗaki cike da kofuna, maɓallai, tsohon keken ɗinki da tukunyar ruwan zafi. Matar da ke aiki a ciki ita kaɗai ce ma'aikaciyar okupeshinal terafi, wato OT, a duk asibitin. Mai gashi yana fama ƙafa ta taka, hannu ya ɗagu. Ita kuwa abin da ya dame ta shi ne, da wannan hannun da ya ɗagu, mutumin zai iya saka riga, ya kai loma baki, ya koma bakin sana'arsa? Kafin in gama hidima na san aikin da nake so ke nan.

Na fara dubawa a gida. Akwai Makarantar OT ta Tarayya da ke Oshodi a Legas, mai ba da difloma, akwai kuma Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife da ke koyar da shi a matakin digiri na farko. Duka hanyoyi ne masu kyau ga wanda ya fito daga sakandare. Ga mai digiri a hannu kuwa, komawa baya ne na shekaru. Afirka ta Kudu ma haka tsarin yake: shekara huɗu ta digirin farko ita ke mai da mutum ma'aikaci, digirinsu na biyu na waɗanda suka riga suka ƙware ne.

A nan Anti, kamar yadda muke kiran matar, ta faɗa mini maganar da ta fi duk abin da na karanta a intanet amfani. Na kawo mata jerin jami'o'in da na kwafo, ta duba ta ce, "Ke 'yar nan, kar sunan digiri ya ruɗe ki. Ki fara tambaya, in kin gama wa zai ba ki lasisi?"

Abin da take nufi shi ne, digiri na biyu a wannan fannin iri biyu ne, kuma sau da yawa sunansu kusan ɗaya. Akwai na share fagen rajista, wanda aka tsara wa mai digiri a wani fanni daban, yana ɗaukar shekara biyu ko fiye, da zaman koyon aiki a asibitoci. Akwai kuma na ƙarin ilimi, yawanci shekara ɗaya, mai sauƙin kuɗi, wanda aka yi don ma'aikatan OT da ke da lasisi tuntuni. Shi wannan na biyun ko an yi shi da maki mafi girma, ba ya ba mutum izinin taɓa majinyaci. Dillalan neman gurbin karatu ba su cika rarrabewa ba, su dai su ga an biya kuɗin ajiye kujera. Tun daga ranar na koma karanta shafin kowane kwas daga ƙasa, inda ake rubuta hukumar da ta amince da shi. Ina kuma duba ko yana cikin jerin Tarayyar Ma'aikatan OT ta Duniya, WFOT, wadda aka kafa a 1952, wadda kuma ta gindaya cewa ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 1,000 na koyon aiki a hannu kafin ya fita.

Amurka na fara leƙawa, don can ne sana'ar ta yi ƙungiya tun 1917. Tun 2007 ba a shiga aikin a can da digirin farko, sai da na biyu ko digirin dakta na ƙwarewa da suke kira OTD. An ma taɓa yanke cewa daga 2027 daktan ne kaɗai zai zama ƙofar shiga, amma a 2019 aka janye, aka bar ƙofofin biyu a buɗe. Dukansu sai hukumar ACOTE mai tantance kwasa-kwasan OT ta amince da kwas ɗin, dukansu suna da mako 24 na cikakken zaman asibiti, dukansu kuma jarrabawa ɗaya suke kaiwa, ta hukumar NBCOT mai ba ma'aikatan OT takardar shaida, wadda ake ci da maki 450. Daktan yana ƙara mako 14 na wani aiki na musamman da kusan shekara guda ta kuɗin makaranta. A ganina, ga wanda burinsa ya yi aiki da majinyata, wannan ƙarin bai kai kuɗinsa ba. Mai son koyarwa a jami'a ne zai yi wani lissafin.

Yawancin makarantunsu ta shafi ɗaya ake nema, OTCAS, wanda ke buɗewa a watan Yuli. Abin da ya tsayar da ni darussan sharaɗi ne. Ina da anatomi da fisiyoloji da lissafin ƙididdiga, amma suna son ilimin halayyar ɗan Adam kashi biyu, na girma daga yarinta zuwa tsufa da na taɓin hankali, wasu har da ilimin zamantakewa. Babu ko ɗaya a tiranskirif ɗina, wato takardar sakamakon darussan da na yi a jami'a. Ana iya yinsu ta intanet a wata kwalejin Amurka, a biya da dala, sannan a aika takardu wa kamfanin tantancewa irin WES ya juya makin Najeriya zuwa nasu. Da na haɗa wannan da kuɗin makaranta, wanda a jami'o'i masu zaman kansu kan haura dala dubu 100 kafin a gama, sai na rufe shafin. Kanada da Ostareliya ma suna da digirin share fagen na shekara biyu, amma guraben baƙi a Kanada ƙalilan ne, Ostareliya kuma tsada.

Birtaniya ce ta rage. Jami'o'i irin su Brunel a Landan, East Anglia a Norwich da Queen Margaret a Edinbura suna da kwas na shekara biyu wanda hukumar HCPC mai yi wa ma'aikatan lafiya rajista ta amince da shi, kuma kai tsaye ake nema a shafin jami'a. Yawanci suna son sakamakon 2:1, wasu kan karɓi 2:2, da shaidar cewa mutum ya yi binciken kammala digiri kuma bai daɗe da barin aji ba. Turanci kuwa, kada a dogara da cewa an ci shi a WAEC. Ma'aunin HCPC a jarrabawar IELTS shi ne 7.0 gaba ɗaya ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba, jami'o'in da na nema kuma wannan suka nema. Sashen rubutu ne ke kayar da mutane, ni ma a kansa na fi ɓata dare.

Tiranskirif a fara nemansa kafin komai. Nawa sai da aka bi shi ofis-ofis, wani ɗan'uwana yana zirga-zirga, har wa'adin jami'a ɗaya ya wuce.

Abin da ya fi nauyi a takardun shi ne shaidar cewa ka ga aikin da idonka. Bayan hidima na roƙi Anti ta bar ni in riƙa zama a ɗakinta ba albashi, ta kuma haɗa ni da wani abokin aikinta a asibitin masu taɓin hankali, domin masu ɗauka suna son wanda ya san cewa sana'ar ba ta tsaya ga ƙashi da jijiya ba. Na ajiye littafi ina rubuta abin da na gani, ba tare da sunan kowa ba, ita kuma tana sa hannu. Daga wannan littafin na ciro bayanin kaina da ake haɗawa da takardun neman gurbi.

Na karanta misalan irin wannan bayani da yawa, kusan duka sun fara da cewa mai rubutun yana son taimakon mutane tun yana yaro. Ni sai na rubuta labarin wani dattijo da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da Anti ta tambaye shi abin da yake so ya iya, bai ce tafiya ba. Cewa ya yi yana so ya yi alwala da kansa, kuma ya daina cin abinci da hagu a gaban jikokinsa. Na bayyana yadda ta rarraba alwala gaɓa-gaɓa, ta sa aka ɗora buta a kan wani ɗan katako mai karkata don ruwa ya zubo ba sai an ɗaga ta ba, ta naɗe mariƙin cokali da soso ya yi kauri, ta narkar da roba a ruwan zafi ta ƙera masa abin tallafe wuyan hannu. Na kuma rubuta gardamar da aka yi da 'ya'yansa, waɗanda a wurinsu barin uba ya wahala da cokali alhali suna zaune rashin tarbiyya ne. Ba su yi kuskure a ladabi ba, amma duk lomar da suka ba shi a baki tana rage wa hannun damar dawowa. Yadda Anti ta shawo kansu ba tare da ta kunyata kowa ba, shi ne rabin aikin.

A intabiyu, wadda aka yi ta bidiyo, wannan dattijon suka fi tambayata a kai. Ba su nemi in lissafo jijiyoyin hannu ba. Tambayoyinsu a kan ɗabi'un da hukumar lafiyarsu ta NHS ta shimfiɗa suke, irin mutunta majinyaci da tausayi da aiki tare: me za ki yi in majinyaci ya ƙi abin da kike ganin shi ne alheri gare shi? Da suka ba ni damar tambaya, na tambayi batun sutura, don a asibitocinsu ana son hannu a buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa lokacin taɓa majinyaci saboda tsafta. Suka ce hijabi ba matsala, kuma ƙa'idar ta yarda da hannun riga na yarwa da ake zurawa a cire. Duk wadda za ta shiga wannan aikin ta san kuma cewa koya wa mutum wanka da shiga banɗaki da saka tufafi yana cikinsa, mace ko namiji. Gara a tattauna wannan da iyaye ko miji tun a gida.

Sai kuɗi. Kawuna, wanda shi ya ɗauki nauyin mafi yawa, tambayarsa ta farko ita ce, "Ba za ki nemi tallafin karatun gwamnatin Birtaniya na Chevening ba?" Na ce, "Kawu, ai su digirin shekara ɗaya kawai suke biya, nawa kuwa biyu ne." Tallafin fam 5,000 a shekara da NHS ke ba ɗaliban fannonin lafiya ma na 'yan gida ne. Baƙo kan biya daga wajen fam dubu 15 zuwa sama da dubu 20 duk shekara, ga harajin lafiya na biza fam 776 a shekara, ga gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, ga kuɗin zama da dole su kwana 28 a asusu kafin a nemi biza. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, lissafin da aka yi da safe ba ya kai yamma. Wanda ya tara kuɗinsa a naira ya ga rabinsu ya narke, shi ya sa Kawu ya riƙa canzawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da abu ya shigo. Daga Janairun 2024 kuma ɗalibin irin wannan digiri ba ya tafiya da iyali, abin da ya sa wata ƙawata mai yara biyu ta ajiye takardar gurbinta.

Kada kuma a sa rai aikin gefe zai biya makaranta. Biza ta yarda da awa 20 a mako, amma kwas ɗin karatun shekara uku ne aka matse a biyu, hutunsa gajere ne, kuma lokacin koyon aiki cikakken wuni ake yi a asibiti ba ko sisi, wani sa'in a garin da sai an hau jirgin ƙasa.

Gurbin da na karɓa a wata jami'a ce ta arewacin Ingila mai farawa a Janairu, inda haya ba ta kai ta Landan ba. Rajistar HCPC ta Birtaniya ce kawai. Ranar da na koma gida sai na yi rajista da MRTB, hukumar da dokar 1988 ta kafa don kula da masu gashi da OT da masu gyaran magana a Najeriya, in kuma Amurka ce wata rana, NBCOT na da nata tantancewar ga wanda ya yi karatu a waje, inda take bin darussa da lokacin koyon aiki dalla-dalla. Saboda haka manhajar kowane darasi da duk takardar awannin asibiti da aka sa wa hannu, ina ɗaukar hotonsu in adana, in kuma tura wa Kawu kwafi.