Daren da na auna inuwar HD 189733 b

HD 189733 b duniya ce da ke zagaye wani tauraro da ba ranarmu ba. Ita duniyar ba a ganinta, ko da babban madubin hangen nesa. Abin da ake kamawa shi ne ɗan dusashewar hasken tauraronta idan ta gifta ta gabansa, wani ƙaramin husufi da ke rage hasken da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wannan na fita nema da kyamara, doguwar tabarau, da ƙafa mai injin da ke bin juyawar sama.

Na zaɓi HD 189733 b ne saboda tauraronta na da haske, nisansa kusan shekarar haske 64. A Faransa aka gano ta a 2005. Ƙwallon iskar gas ce da ta ɗan ɗara Jufita girma, amma ta matsa kusa da tauraronta har tana gama zagaye cikin kwana 2.2, zafinta kuma ya kai wajen digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. A 2013 madubin Hubble ya nuna shuɗiya ce, kuma masana na ganin ƙwayoyin gilashi ne a sararinta suka ba ta launin, ba ruwa ba.

Wahalar a nan arewa ita ce lokacin da tauraron ya fi hawa sama da dare ya faɗo cikin damina. Sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, hadari ya ja baya, hazo bai sauko ba, na samu sarari.

Giftawar ba ta cika awa biyu, amma na fara ɗauka awa guda kafin ta, na ci gaba awa guda bayanta. Idan babu hasken kafin da na bayan, da me za ka gwada raguwar? Na kuma ɗan kauda saitin tabarau da gangan, tauraron ya baje ya zama ɗan faifai, don kada haskensa ya cika ɗigon hoto guda ya tumbatsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne amfanin taurarin maƙwabta. Siririn gajimare ya wuce, layin da ke nuna hasken taurarona ya faɗi, nasu ma ya faɗi tare. Nan na gane sama ce, ba duniyar ba.

Da na zuba hotunan a manhajar AstroImageJ, ɗigo-ɗigon sun fito a warwatse. Sai da na haɗa su rukuni-rukuni na minti goma sannan kwarin raguwar hasken ya bayyana, ya sauka ya kuma hau daidai lokacin da jadawalin giftawar ya faɗa. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Yanzu wata duniyar, WASP-12 b, nake hari, mai zagaye cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, sai dai tauraronta ya dushe ƙwarai, dole in nemi aron madubi.