Henry Rono, ɗalibin da ya karya tarihin duniya har huɗu cikin kwana 81

In aka zo hirar 'yan gudun Kenya sai ka ji kowa Kipchoge Kipchoge, to ni dai wallahi Henry Rono nake so jama'a su sani, don abin da bawan Allahn nan ya yi a 1978 yana ɗalibi har yau ba a samu wanda ya maimaita ba. Ɗan yankin Nandi ne, an haife shi a 1952, ya samu gurbin karatu a jami'ar Washington State da ke wani ɗan ƙaramin gari Pullman a Amurka, garin sanyi da ƙanƙara, yana atisaye a ƙarƙashin koci John Chaplin.

Ku duba fa, a watan Afrilu a Berkeley ya karya tarihin mita 5,000 da minti 13 da daƙiƙa 8.4, a Mayu a Seattle ya karya na mita 3,000 ɗin nan mai tsallake shinge da ramin ruwa, wanda kana fitowa daga ruwan takalminka a jiƙe sharkaf kuma dole ka ci gaba da gudu, sai Yuni ya shiga Turai ya kwashe na mita 10,000 a Vienna ya ƙara da na mita 3,000 a Oslo, duka cikin kwana 81! Kuma yawanci ba wanda ke binsa kusa balle ya matsa masa, shi da agogo kawai suke fafatawa. Na mai shingen nan sai a 1989 aka iya karya shi. Gasar gudun daji ta jami'o'in Amurka kuwa sau uku ya lashe ta, 1976, 1977 da 1979.

Abin da ke ci min rai shi ne bai taɓa taka filin Olamfik ba. A 1976 Kenya ta ƙaurace wa Montreal tare da Najeriya da sauran ƙasashen Afirka da dama saboda batun wariyar launin fata, 1980 kuma ta ƙi zuwa Mosko, shi kenan shekarun ganiyarsa suka wuce, shi ya sa sunansa bai shiga bakin mutane ba.

Sai kuma giya ta shiga rayuwarsa. A 1981 ya sake karya tarihin mita 5,000 a Norwe duk da shaye-shayen, amma daga nan abubuwa suka taɓarɓare, kuɗi suka ƙare, har ta kai shi ga kwana a gidan marasa galihu a Amurka, ya yi dakon jakunkunan fasinja a filin jirgin Albuquerque. Wannan ɗin ne ma ya sa nake ƙara ganin girmansa, domin ya daina shan, ya koma koyarwa da horar da yara gudu, bai kuma ɓoye abin da ya same shi ba. Daga baya ya koma gida Kenya, ya rasu a Nairobi a watan Fabrairun 2024 yana da shekara 72.