Cizon haƙorin da na ɗauka saƙon ƙwaƙwalwa ne

A makon da nake barin ɗakin bincikenmu a nan Maradi, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watannin da na kwashe ina murna da sakamakon da ba daga ƙwaƙwalwa ya fito ba. Nakan jera wa mutum wayoyin EEG, na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa, a ka bisa tsarin jera su da ake kira 10-20, ya tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara, ina tambayarsa inda zafin ya kai tsakanin 0 da 10. Da zarar raɗaɗin ya tsananta, sai igiyoyi masu sauri, sama da 30 a daƙiƙa, su cika wayoyin gefen kai, ni kuwa na sakankance igiyoyin gamma ne, wato sawun ciwo a ƙwaƙwalwa.

Wata dattijuwa ce ta buɗe mini ido. Hannunta ya yi ja cikin ruwan, na tambaye ta, ta ce, "Uku ne, ɗana, ba komai," alhali muƙamuƙinta ya ɗaure tamau, naman gefen goshinta yana motsi a daidai ƙarƙashin wayoyin T3 da T4. Lantarkin da tsoka ke fitarwa ya fi na ƙwaƙwalwa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma saurinsa yana faɗawa cikin zangon gamma. Mutanenmu an raine su da dauriya, ba sa raki a gaban baƙo, sai dai su cije haƙori, kuma wannan cizon ne na yi ta aunawa.

Na karɓi rabona na laifin. Amma sau biyu ina roƙon shugaban binciken ya bari in ƙara waya a muƙamuƙi don tantance motsin tsoka, yana cewa ɓata lokaci ne, kuma da hotunan suka yi kyau sunansa ya sa a gaba. Ranar da abin ya rushe, a gaban abokan aiki ya ce hannun ɗalibi ne bai nuna ba. Shiru na yi saboda girmansa, kuma har yau shirun yana damuna.

Ga wanda zai gaje ni: ya tace gurnanin wutar lantarki mai bugu 50 a daƙiƙa da ke kutsawa cikin awon, ya sanar da mata tun jajibiri game da kitso da man kai, waɗanda kan hana wayoyin taɓa fatar kai sosai, ya kuma duba man da ke haɗa wayoyin da fatar kai sau da yawa a hunturu domin saurin bushewa. Sababbin ɗaukar da na sake yi da wayar muƙamuƙi suna cikin kwamfutar ɗakin, kowace da kwanan watanta da sa hannuna.